Agogon azan ko manhajar waya ga mai tafiya Landan

Hajiya, tunda Landan yaron zai tafi karatu, ki bar kuɗin agogon azan ɗin nan da kike son saya masa a jakarki, ya sauke manhajar lokutan salla a wayarsa kawai.

Mu nan Kano tsawon yini bai cika sauyawa ba, tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa kusan 13 duk shekara. Can kuwa a ƙarshen Yuni rana na fitowa wajen 4:43, ba ta faɗuwa sai 9:21 na dare. A Disamba sai takwas ta gota take leƙowa, kafin huɗu na yamma an yi magariba. Ga kuma sauya agogo da suke yi: su tura awa ɗaya gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da ita a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Manhaja da kanta take bin duk wannan, don ta san inda mutum yake. Da na ziyarci ƙanina lokacin hunturu, mun hau jirgin ƙasa zuwa Edinbura, muna ƙara yin arewa tana ta jawo magariba kusa. Ko da muka isa, ta riga ta Landan da minti goma da 'yan kai. Ga gajimare ya rufe sama ruf, ba ranar da za ka duba, amma salla ba ta kuɓuce mana ba.

Sai dai ki faɗa wa yaron, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya a can, sai lissafin isha da asuba ya rikice. Ya karɓi jadawalin masallacin unguwarsu ya daidaita wayar da shi.

Agogon kuwa, nawa yana saman firij ƙura ta lulluɓe shi. Muryar ladanin da daɗi, iyakarta ke nan. Kowane gari sai ka zauna da 'yar takardarsa kana danne-danne.

In kuma kin dage sai kin saya masa tsaraba, ki yi hattara da masu rantse miki cewa agogon ɗan Saudiyya ne, jabu sun cika kasuwa. Ki sa mai shagon ya saita Landan a gabanki, ki gwada da abin da waya ta nuna. In ya fara kame-kame, ki ɗauki jakarki.