Utrogestan: jirinsa, kasalarsa, da dalilin da ya sa ban daina sha ba

Utrogestan ƙwaya ce mai taushi da wani kamfanin Faransa mai suna Besins ke yi. Akwai ta miligiram 100, ƴar mulmulalliya, akwai ta 200 wadda ta ɗan fi tsawo. Abin da ke cikinta sinadarin projesteron ne, irin wanda jikin mace ke yi da kansa kafin al'ada ta ɗauke. Ni malamar lakkol ce a Tawa, na haura hamsin, kuma shekara ta biyu ke nan ina shan ta tare da Oestrogel, man estrojen (wani sinadarin jikin mace da ke raguwa in al'ada ta ɗauke) da nake shafawa a hannu kowace safiya, don maganin wahalhalun ɗaukewar al'ada. Na sha duka biyu na gani, to tsakani da Allah man shafawar bai taɓa ba ni wahala ba. Duk wuyar da na sha a wannan magani daga ƙwayar ta fito. Amma kuma ita ce wadda ba zan yarda in bari ba, kuma saboda haka nake rubuta wannan, don na ga mata suna ajiye ta su ci gaba da shafa man kawai.

Abin da ya kai ni wurin likitar mata a Yamai shi ne zafin da ke taso mini daga ƙirji ya hau fuska ina tsakiyar darasi, da zufar dare da ke jiƙa zane har sai na tashi na sake wani, ko da cikin sanyin hunturu. Man estrojen ya kashe wannan cikin ƴan makonni. Da likitar ta rubuta ordonansi na ga magani biyu, sai na tambaye ta amfanin na biyun. Ta ce, "Hajiya, estrojen kamar ruwan damina ne a gona, yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta tofo. In babu mai nome ta, sai ta yi kauri fiye da kima, daga nan sankara ke samun wurin zama. Projesteron shi ne mai noman." Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1975 likitoci a Amurka suka gano cewa matan da ke shan estrojen shi kaɗai sun fi kamuwa da sankarar mahaifa, shi ya sa yanzu duk mace mai mahaifa ake haɗa mata biyun. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai a yawancin lokaci ba ta bukatar projesteron.

Da yake al'adata ba ta cika shekara da tsayawa ba a lokacin, an fara mini da miligiram 200 kowane dare na kwana 12 a wata, sauran kwanakin man shafawa kawai.

Jirin shi ne na farko. Mu nan gida ba a cin tuwon dare sai bayan isha'i, wani lokaci har kusan ƙarfe 9 in maigida ya makara a masallaci, kuma miyarmu ba ta rasa mai. Ana gama ci ana shirin shimfiɗa, to ƙwayar da aka ce a sha lokacin kwanciya sai ta faɗa kan tuwo. Bayan kamar awa ɗaya da rabi na tashi zan zaga bayan gida, tsakar gida ta juya mini. Na dafa randa, na zauna kan turmi, ina jin muryar ƴata tana cewa "Inna, lafiya?" kamar daga gidan maƙwabta take magana. Harshena ya yi nauyi. Na zaci tansiyo ce ta hau, da safe aka auna aka tarar lafiya lau. Asuba kuwa sai an tashe ni sau biyu, ni da nake tashin kowa a gidan.

Dalilin abin yana da sauƙin fahimta in an samu mai bayani. Ƙwayar da aka haɗiye tana bi ta hanta kafin ta shiga jini sosai, hantar kuma tana juya wani kaso nata zuwa wani sinadari da ake kira alopregnanolon, wanda ke taɓa wurin da magungunan barci ke taɓawa a ƙwaƙwalwa. Shi ke kawo gyangyaɗi da jiri, yawanci tsakanin awa 1 zuwa 3 bayan sha. Abinci kuma yana ƙara yawan maganin da jiki ke zuƙa. Takardar cikin kwalin ta faɗi a sha shi nesa da abinci, lokacin kwanciya, amma da Faransanci take da ƙananan baƙaƙe, kuma mai farmasin da ya sayar mini bai ce uffan ba. A ƙasar da ake cin abincin dare da wuri waɗannan sharuɗɗa biyu suna tafiya tare. A wurinmu karo suke yi.

Gyaran da na yi shi ne na raba tuwona da na sauran gida. Ina ci bayan magariba, in bar kamar awa biyu, in gama duk abin da zai tashe ni tsaye, alwala da rufe ƙofa da ajiye ruwa kusa da katifa, sannan in haɗiye ƙwayar ina zaune bakin shimfiɗa in kwanta. Ba na duba takardun yara bayanta, ba na hawa babur ko a baya. Tun daga nan jirin bai ƙara kama ni a tsaye ba, yana zuwa ne ina barci. Kai, har ya zama alheri, domin barcin da ya guje mini tun da wannan lamari ya fara, a daren ƙwayar nake samun sa cikakke.

Watan azumi ya fi wuya. Ana buɗa baki, a yi asham, a dawo a ci abinci mai nauyi, ga sahur na jira. In na sha ƙwayar ƙarfe 11 na tashi dafa sahur ƙarfe 3, kaina bai gama washewa ba, ga wuta ga tukunya. Sai na ci abin da zan ci tun a buɗa baki, na sha maganin da zarar an dawo daga asham, ƴata ta karɓi girkin sahur a waɗannan kwanaki. Goman ƙarshe na yi magana da likita tun kafin watan ya kama, ta matsar mini da kwana 12 ɗin don kada su haɗu da tahajjud. Matsarwa aka yi, ba tsallakewa ba, kuma ita ta tsara, ba ni ba.

Abin da lokacin sha bai gyara ba shi ne halin zuciya. Wajen kwana na biyar na ƙwayar sai cikina ya kumbura har zanen da na saba ɗaurawa ya matse ni, nono ya yi nauyi yana tsami, raina ya ƙuntata ba gaira ba dalili. Abin da yaro zai yi a aji in yi murmushi, a waɗannan kwanaki sai in ji hawaye na neman zubo mini. Maigida ne ya fara lura. Wata rana ya ce, "Hajiya, na ga duk wata akwai kwanakin da ba ke ba ce. Ko maganin nan ne?" Daga nan na fara rubutawa a bayan kayen lakkol: ranar da na fara ƙwayar, ranar da kumburi ya zo, ranar da rai ya ɓaci, ranar da ya sake ni. Wata uku suka nuna abu ɗaya, yana zuwa da ƙwayar yana tafiya kwana biyu bayan ta ƙare. Wannan kaye shi ya fi komi amfani ranar da na koma wurin likita, domin ba ta tsaya tana tunanin ko damuwar gida ce ba.

Ta shimfiɗa mini hanyoyi. Ana iya haƙuri wata uku zuwa shida, don kumburi da ciwon nono sukan lafa da kansu. Ana iya matsa ƙwayar ta gaba maimakon haɗiya, ta haka ba ta fara bi ta hanta ba, jiri da gyangyaɗi sai su ragu ƙwarai. Ta ce wannan hanya likita ce ke yanke ta da adadinta. Akwai robar mahaifa mai sinadari, Mirena, da ke kare shimfiɗar mahaifa shekara 5, abin da ke shiga jini daga gare ta kaɗan ne. Akwai kuma canja irin maganin zuwa Duphaston, wata ƙwaya mai irin aikin projesteron. Ni na ɗan gwada matsin, kaina ya washe sarai, sai dai man ƙwayar yana fitowa da safe, abin ya dame ni wajen tsarki. Da lokaci ya yi ta mayar da ni kan miligiram 100 kowane dare ba hutu, tsarin da ake ba matan da al'adarsu ta daɗe da tsayawa. A nan na samu sauƙi. Babu hawa da sauka, kumburin ya tafi, zuciyata ta dawo daidai, saura ɗan nauyin ido da asuba wanda ruwan alwala ke korewa.

Akwai maganar jini, wadda mata ba su cika faɗi a fili ba alhali ita ta fi tsaya mana a rai saboda salla. A tsarin kwana 12 jini yana zuwa duk wata bayan an gama ƙwayar, haka aka tsara shi. A tsarin kullum kuwa bai kamata a riƙa gani ba, amma ɗigo-ɗigo a watanni shida na farko abu ne da aka saba. Ni na gan shi, wani lokaci ɗan ja, wani lokaci ruwan ƙasa, ba rana tsayayya. Na je wurin malamarmu ta islamiyya, ta ce a Malikiyya jinin macen da ke tsakanin 50 da 70 ana komawa ne ga masu sanin lamarin mata a tantance ko haila ce ko jinin ciwo, don haka in tambayi likita tukuna in kawo mata amsa. Ba zan ba kowa fatawa ba, kowace ta je da nata bayanin. Ta fuskar lafiya dai, jinin da ya wuce wata shida yana zuwa, ko ya yi yawa, ko ya dawo bayan ya ɗauke, sai an yi eko, wato hoton ciki, an auna kaurin shimfiɗar mahaifa.

Wata abokiyar aikina ta fara maganin nan kusan tare da ni. Jiri ya kayar da ita sau ɗaya, sai ta ajiye ƙwayar ta ci gaba da shafa man, tunda shi ke kashe zafin kuma kuɗin ya ragu. Ta yi watanni tana jin daɗi. Ranar da jini ya ɓalle mata aka yi eko nan Tawa aka ga shimfiɗar ta yi kauri, aka tura ta maternitin Isaka Gazobi a Yamai aka ɗebi nama aka auna. Allah ya rufa asiri ba sankara ba ce, an yi mata magani ta warware. Na zauna da ita a kwanakin jiran sakamakon, ba na fatan wata mace ta shiga irin wannan zullumi a kan jirin da sauya lokacin tuwo zai iya magancewa. Haka kuma man projesteron na shafawa da wasu ke tallatawa a WhatsApp ba ya kare mahaifa yadda ƙwayar ke yi, kada a musanya.

Ƴaƴana sun tayar da maganar sankarar nono, kuma suna da gaskiyar tambaya. Tsoron ya samo asali daga wani babban bincike na Amurka da aka dakatar a 2002, mata fiye da 16,000, inda aka ga ƙarin sankarar nono ga masu shan estrojen tare da medroksiprojesteron, wanda ƙirarsa ta bambanta da projesteron na jiki. A Faransa kuma an bi mata kusan 100,000 tun daga 1990, yawancinsu malaman makaranta, binciken da ake kira E3N, aka ga haɗarin ya fi ƙanƙanta ga masu shan irin wannan projesteron na Utrogestan, musamman a shekaru biyar na farko. Ƙanƙanta ba babu ba ne. Ina duba nonona duk wata, likita na dubawa duk zuwa, kuma kowace shekara mukan zauna mu sake auna ko in ci gaba.

Inda na fi ganin gazawa shi ne samun sa. Ba kullum ake tarar da shi a farmasin Tawa ba, kuma tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Ɗan'uwana ke saya ya ba motar safe, ni kuma ba na bari kwali na ƙarshe ya kai rabi ban aika ba. Kuɗin magungunan biyu a haɗe yana taɓa albashi, ba wasa. Zafin Afrilu da Mayu yana sa ƙwayar ta yi laushi ta manne a ledarta, don haka ina ajiye kwalin cikin kwano mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi, ba na ɓare ta sai zan sha. Na masu yawo da magani a faranti cikin rana kuwa ko kyauta ba na karɓa.

A duba takardar kwali a ga man da aka narka maganin a ciki, domin wasu kamfanoni da man gujiya suke yi, wasu da man furen da ake kira tournesol, haɗe da sinadarin waken soya, ga wadda jikinta ba ya karɓar ɗaya daga cikinsu. Mai shan maganin tarin fuka irin rifampisin, ko wasu magungunan farfaɗiya, ta faɗa wa likita, suna rage ƙarfinsa. Ba maganin tazarar haihuwa ba ne, wadda al'adarta ke leƙowa jefi-jefi tana iya ɗaukar ciki. Wadda ta taɓa sankarar nono, ko ciwon hanta mai tsanani, ko daskarewar jini a jijiya, ko take zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, kada ta fara don ta ga ƙawarta na sha. In kuma ana cikin sha ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya yi rawaya, ko baƙin cikin ya kai mace ta ji rayuwa ta fita ranta, a tafi asibiti a ranar, a riƙe kwalayen biyu a hannu.