Gargaɗi ga masu farauta: hattara da "maƙerin" da ke karɓar kuɗin ƙera bindiga 8x68S

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta, amma da na ga takarduna sun zama makamin cutar wani bawan Allah, sai na ga shiru ba nawa ba ne.

Ina zaune a kudancin Jamus, kuma ina da lasisin farauta, wanda suke kira Jagdschein. Farauta gado ce a gidanmu, mahaifina da adaka ya yi tasa. Mu Hausawa masu wannan takarda a Turai ba mu da yawa, amma akwai mu, kuma na san wasu suna shirin zama jarrabawar. Da ku nake, da kuma 'yan'uwa na gida da irin wannan talla ta fara isa wayoyinsu.

Sai na fara da harsashin, domin a kansa damfarar ta tsaya. Kamfanin RWS ne ya fitar da 8x68S a 1939, tare da ƙanensa 6.5x68. Faɗin ƙwayarsa milimita 8.2 ne, kwansonsa kuma ba shi da ɗamarar nan da ake gani a gindin manyan harsasan Ingila da Amurka. Ƙwaya mai nauyin giram 12 tana fita da gudun da ya haura mita 900 a sakan ɗaya. An yi shi ne domin manyan namun daji a wuri mai nisa, irin babbar barewar nan ta duwatsu da Jamusawa ke kira Rothirsch, kuma masu zuwa farauta Namibiya suna yabonsa. Sai dai kamfanonin da ke yin bindigarsa da harsashinsa kaɗan ne. Wanda ke sonta yadda ta dace da jikinsa yakan je wurin maƙerin bindiga, a auna masa tsawon hannu, a sassaƙa ƙota daidai da kafaɗarsa, a ɗora bututu a kan uwar bindiga, wato ƙarfen da ke ɗura harsashi ya harba, samfurin Mauser 98. Aikin yana cin watanni, wani lokaci ya haura shekara, kuma al'ada ce a ba da kafin alƙalami.

To nan ɓarawon ya samu ƙofa. Jira mai tsawo ba abin zargi ba ne a wannan sana'a, biyan kuɗi tun kafin a ga kaya ma haka. Mutum zai yi wata huɗu yana ce wa kansa aikin hannu sai haƙuri, alhali kuɗinsa sun daɗe da tsallake iyaka.

Ni dai na rubuta a wani zauren mafarauta cewa ina neman wanda zai ƙera min ita. Kwana biyu sai ga saƙo a ɓoye. Mutumin ya ce shi tsohon maƙeri ne daga yankin Suhl, garin da kowa ya sani da ƙera bindigogi, ya ce ya kusa ajiye aiki, kuma yana da bututu guda da ya rage masa na wani da ya fasa saye. Ya turo hotunan maƙera, da katako mai zane kamar an zuba masa zuma, da bindigogi uku da ya ce aikinsa ne. Jamusancinsa tsaf, maganarsa a natse, ba gaggawa ko kaɗan. Farashinsa bai yi arhar da za ta tsorata mutum ba, ya dai sauko ƙasa da na sauran da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ya nemi yuro 2,400 na somin aiki, da hoton Jagdschein ɗina, da katin mallakar makami wato Waffenbesitzkarte, da katin shaidata gaba da baya. Neman takardun bai dame ni ba, tunda doka ta hana a miƙa wa mutum bindiga sai an tabbatar yana da izini. Na tura duka.

Alamu sun bayyana tun farko, ni ne ban tsaya a kansu ba. Lambar asusun da ya ba ni ba da DE ta fara ba kamar na Jamus, ta wata ƙasa ce, kuma sunan da ke kai na mace ne. Ya ce matarsa ce ke riƙe da lissafi. Da na ce zan zo a auna ni, sai ya ce yana jinya, in auna hannuna da kaina in turo masa. Maƙerin gaske ba ya gudun mai kaya ya tako maƙerarsa, domin ƙotar da ba a auna ta a jikin mai ita ba, me ya raba ta da ta kanti?

Wadda ta fi damuna yanzu ita ce ta ukun, domin da na san sana'ar da kyau da nan take na kama shi. Na tambaye shi ko uwar bindigar tana buƙatar gyara, ya ce a'a, harsashin yana shiga Mauser 98 yadda take. Ƙarya ce. Cikakken harsashin 8x68S yana kai tsawon milimita 87, kwansonsa kuma ya fi kauri a kan na 8x57, harsashin da aka saba sa wa Mauser 98, alhali gidan harsashin Mauser 98 na asali bai kai wannan tsawon ba. Dole a buɗe shi a gyara, kuma wannan gyaran yana cikin abin da ke sa aikin tsada. Duk wanda ya taɓa yin aikin ko sau ɗaya da wannan zai fara yi maka bayani.

Bayan wata biyar ya dawo da sabuwar magana. Wai bindiga ta kammala, amma layin ofishin gwaji ya yi tsawo, in na ƙara yuro 600 zai aiko min da ita kai tsaye ba sai ta bi ta can ba. A nan jikina ya yi sanyi. A Jamus ba a miƙa wa kowa sabuwar bindiga, ko wadda aka sauya wa bututu, sai ta je Beschussamt, ofishin gwaji na hukuma irin na Ulm ko Suhl ko Munich. A can ake harba ta da harsashin gwaji mai matsin da ya ɗara iyakar da aka ƙayyade da kashi 25 cikin ɗari, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Na Ulm ƙahon barewa ne. Ƙa'idar ta CIP ce, hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi, wadda aka kafa a Liège ta Beljiyam a 1914. Iyakar matsin 8x68S bar 4,400 ne, kuma wannan ƙarfin yana tashi ne kusa da idon mai harbi. Mutumin da ya ce maka a tsallake wannan gwaji, ko dai ba shi da bindigar sam, ko kuma bai damu da fuskarka ba. Na ƙi biya, na ce a nuna min lambar bindigar da hotonta tare da jaridar ranar. Daga wannan saƙo lambarsa ta daina shiga.

Na je banki, suka ce kuɗin da mutum ya tura da hannunsa ba a janyo su sai bankin can da mai asusun sun yarda. Sun aika buƙata, ba abin da ya dawo. Hotunan maƙerar kuwa, da na saka su a manhajar binciken hoto, sai ga su a shafin wani maƙeri na gaskiya a Ostiriya wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Binciken bai ɗauke ni minti biyar ba.

Asarar kuɗi na haƙura da ita, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya hana ni barci shi ne wayar da wani dattijo Bajamushe ya bugo min bayan wata biyu, muryarsa na rawa, yana tambayar ina madubin bindigar da ya biya ni kuɗinsa. Da sunana da hoton takarduna aka sayar masa da abin da babu shi. Ɓarawon ya nuna masa Jagdschein ɗina a matsayin shaidar gaskiya, kamar yadda mai yiwuwa sunan matar da ke kan asusun ma na wata ce da aka cuta kafin ni. Sai da na je ofishin 'yan sanda da duk saƙonnin da muka yi, na kuma sanar da hukumar makamai ta gundumarmu, kafin hankalina ya kwanta. Wanda ke riƙe da izinin makami a ƙasar nan, zargi kaɗan yana iya taɓa takardunsa.

Don haka kafin ku tura ko sisi, ku je maƙerar da ƙafarku. Ku nemi ganin izininsa na ƙera makamai, ku tambayi ƙungiyar masu sana'ar hannu ta yankinsa, Handwerkskammer, ko yana cikin rajistarsu. A rubuta yarjejeniya da adireshi da ranar gamawa. Tun Oktoban 2025 bankunan ƙasashen yuro suna gwada sunan mai karɓa da lambar asusu kafin kuɗi su tafi. In suka ce bai dace ba, ku tsaya. PayPal ta hanyar 'yan'uwa da abokai ba ta da kariyar mai saye. In kuwa dole ku tura hoton takarda, ku rubuta a kansa sunan wanda kuke tura wa da kwanan wata da dalili, rubutun ya ratsa tsakiyar takardar.

Wani ƙanena a Kano ya turo min talla mai kama da wannan, wai za a ƙera bindigar farauta a Jamus a kawo har gida cikin kwantena. Malam, kar ka soma. Fitar da bindigar farauta daga Jamus zuwa wajen Tarayyar Turai sai da izinin BAFA, hukumar Jamus mai kula da fitar da kaya, kuma Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana shigo da bindiga ko mallakarta ba lasisi. In kayan ba su zo ba kuɗinka sun tafi, kuma da wuya ka iya kai ƙara. In ma wani abu ya iso tashar Apapa, sunanka ne a kan takardar.

Duk wanda aka taɓa nuna masa takardun farauta na wani Bahaushe mazaunin kudancin Jamus a wani ciniki na intanet, don Allah ya adana saƙonnin da lambar asusun, ya kai wa 'yan sandan garinsa ko ya shigar da ƙara ta shafinsu na Onlinewache. Ƙarata tana nan a buɗe, kuma jami'in ya ce kowane sabon asusu da aka kawo musu yana taimaka wa binciken.