Abin da aka tarar a cikin fiyanona a Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwana makiɗa da masu situdiyo na Kano, musamman abokan aikina na Titin Gidan Zoo. Saƙonninku suna isowa, kuma kusan duk magana ɗaya ce, wato in tambayo muku farashin sababbin fiyanon Yamaha, PSR-SX900 ko Genos, a nan Jamus, domin wai na hannunku ya tsufa. Kafin in yi wa kowa cinikin sabon fiyano, ina so ku ji abin da ya same ni da nawa tsohon, domin ya sauya mini tunani a kan wannan al'amari baki ɗaya.

Fiyanon nawa Yamaha ne, PSR-S950, samfurin da ya fito a 2012, kuma na hannu na saye shi a Sabon Gari na taho da shi. A bara ne madannai huɗu na tsakiya suka fara gardama: ko a hankali ka taɓa su sai su buga da ƙarfi, ɗaya kuma wani lokaci ya yi shiru gaba ɗaya. A ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai ɗigo biyu na baƙin gawayi, kuma tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar ɗigo na farko da na biyu ita ce na'urar take aunawa ta san ƙarfin bugunka. Idan ƙura ta shiga ko gawayin ya cinye, lissafin ya rikice ke nan.

Samun mai gyara a nan shi ne wahala ta farko. Ba a ɗaukar kaya a faɗa wa mutum shago haka kawai. Sai an buga waya an ba ka rana, ranar kuma ba ta kusa ba ce, alhali ina da bikin wasu 'yan Nijar da na yi alkawarin kaɗa musu. Da ranar ta zo na yi dakonsa a jirgin ƙasa, ga sanyi, ga matakala, babu yaron da zai karɓe ka balle ɗan adaidaita sahu da zai kai ka bakin ƙofa. Kafin a kwance sukuru ko ɗaya sai da na sa hannu a takarda cewa zan biya kuɗin dubawa, ko an gyara ko ba a gyara ba. Na nemi ragi kamar yadda muka saba, matar da ke karɓar kaya ta dube ni cikin mamaki ta nuna mini farashin da ke manne a bango. Ta nemi lambar shaidar fiyanon, aka juya shi, sai ga wurin takardar an kankare, ta rubuta hakan a gabana ba ta ce komai ba. Shirun nan nata ya fi mini zagi ciwo.

Da na koma karɓar sakamako, mai gyaran, wani dattijo mai furfura, bai bar ni a wurin karɓar kaya ba. Ya shigar da ni ciki inda ya baje fiyanon a ƙarƙashin fitila, ya ce in duba da idona. Jar ƙurarmu ce kwance a kan fanel, wato allon lantarkin da ke ciki, ta haɗu da zufa ta zama laka a tsakanin madannai. Ya ɗago robar da ɗan hantsaki ya nuna mini inda aka goga bakin fensir a kan ɗigon gawayin, da inda ta yage aka liƙe ta da gam mai ƙarfi har gam ɗin ya malala ya ci jikin fanel. Sukuru uku babu su, an cusa tsinken ashana a ramin wani domin ya kama. Sannan ya ɗauko adaftar da aka sayar mini a matsayin ta asali, ya auna ta a gabana, ya nuna mini cewa wutar da take bayarwa ba ta tsayawa a kan bolt 16 ɗin da aka rubuta a jikinta, ya ce ikon Allah ne kawai, a nasa harshen sa'a, da ba ta ƙona babban fanel ba. Ya tambaye ni wane ne ya buɗe shi a baya, na ce wani injiniya ne a garinmu. Ya girgiza kai ya ce mutumin yana da basira, amma bai yi tunanin wanda zai buɗe a bayansa ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce ta kowane ɓangare. Dabarar fensir ɗin nan ta riƙe ni shekaru, kuma wanda ya yi ta bai da kundin kamfani, bai da inda zai yi odar roba ta zo masa cikin kwana biyu, a zaune yake a rumfa da sukundireba da ƙarfen dalma, wuta ma sai an tayar da janareto. A gabanka zai yi aikin kuna hira, a kawo muku shayi, da la'asar ka ɗauki abinka ka wuce wurin biki, in kuɗinka bai cika ba ya ce ka kawo gobe. Wallahi a tsaye a wannan ɗaki mai tsabta na yi kewar rumfar nan. Abin da nake zargin masu gyaranmu da shi shi ne ɓoye wa mai kaya abin da aka yi. Da an ce mini robar ta yage an yi mata dabara ne kafin a samu sabuwa, da na san abin da nake ɗauke da shi. Sai a rufe a ce maka an gama, ya koma sabo.

Dattijon ya ba ni takarda mai ɗauke da lambar kowane abin da za a sauya, da farashinsa, da awannin aiki. Robar kanta ba ta da tsada, kuɗin hannunsa ne ya ninka nata sau da yawa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa Turawa suke jefar da kayan da a Kano za su ƙara shekara goma suna aiki. Ya ce tunda babban fanel lafiyarsa ƙalau, gyaran ya cancanta. Da shi ne ya ƙone, da ya ba ni shawarar in nemi wani na hannu irinsa, domin sitayil ɗina, wato shiryayyun kiɗan rakiya da nake ajiye a ciki, da saitina duk za su hau ba tare da wahala ba. Sai na kawo maganar sabon samfuri, ina tsammanin zai yi murna tunda shagon nasu yana sayarwa. Ya tambaye ni abu ɗaya tak: mene ne nake so in kaɗa wanda wannan ya kasa?

Na yi ta juya tambayar a hanya, kuma amsa ɗaya ce kawai na samu mai nauyi. Daga samfurin PSR-S970 da S770 na 2015 zuwa sama ne mutum yake iya naɗar sautinsa, ya shirya shi a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager, ya loda a cikin fiyano. S970 yana da wurin ajiyar irin wannan sauti mai megabayit 512, SX900 na 2019 kuma gigabayit 1. Wanda yake so ya sa kalangu na gaskiya, da kotso, da gurmi, da algaita a ƙarƙashin yatsunsa, maimakon gangunan Indiya da na Latin Amurka da muke lanƙwasawa su yi kama da namu, shi ne yake da hujjar ƙara kuɗi. Wanda kuwa zai sayi Genos ya ci gaba da danna sitayil ɗin nan guda biyar da kowa yake dannawa, ganin ido kawai ya saya. Mai sha'awar komawa fiyanon kamfanin Korg kuma ya sani cewa sitayil ɗin Yamaha ba ya hawa kansa kai tsaye, aikin shekaru zai sake daga tushe.

Akwai abin da ya kamata mu ji kunyarsa. Nawa ne a cikinmu suke rufe fiyano da ƙyalle idan an tashi aiki, ko da a tsakiyar hunturu? Ana jona shi kai tsaye a janareto babu sitabilaiza, ana ajiye ledar ruwa da kwanon abinci a kansa, yara suna ɗaukarsa a kan babur babu jaka, kuma aikin mutum gaba ɗaya yana ciki bai taɓa kwafarsa a filashi ba. Haka 'yan kasuwarmu, da ka fita daga shago an rabu. A nan doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma ɗora wa mai shago alhakin aibin sabon kaya har shekara 2. Shagon kayan kiɗa na Thomann da ke jihar Bavariya ya ƙara nasa ya kai kwana 30 na mayarwa da shekara 3 na garanti. Sai dai ku lura, fiyanon da ya iso Kano ya yi nisa da wannan gata, domin kuɗin mayar da shi Jamus kaɗai ya isa ya karya mutum.

Ni dai na biya an gyara nawa, an sauya robar duka da adafta, aka miƙo mini tsohuwar robar a leda tare da rasit. Robar fiyano mai madannai 61 tana zuwa ne kashi biyar, huɗu masu 12 da ɗaya mai 13, ba ta da nauyi kuma ba ta cin wuri a jaka. Duk wanda madannansa suke irin wannan gardamar ya turo mini sunan samfurinsa daidai yadda yake rubuce a jiki, da hoton robar idan an riga an buɗe, zan yi oda in ba wani ɗan uwa da zai zo gida da Babbar Sallah ya taho muku da ita.