Irin alkama mai jure tsatsa: me za ka duba kafin ka biya kuɗi?

Tsatsa cuta ce da ke kama kara da ganyen alkama. Duk mai sayar da iri zai ce maka nasa ba ya jin cuta. Manomin rani a Bakolori ko fadamun Argungu sai ya bi da tambaya ɗaya: juriyar wace iri ce? Domin iri biyu ce, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba ne.

Alkamar burodi tana da tagwayen ƙunshin gado 21, kuma masana sun gano gurbin ƙwayoyin gado da dama masu tare tsatsa, har sun sa musu lamba: Sr na tsatsar kara, Lr na ta ganye, Yr na rawayar tsatsa. Da ɗan ganye kaɗai ake tantance wadda iri ke ɗauke da ita a ɗakin gwaji.

Juriya ta farko ta ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙarfi. Gona fes, ba ɗigon tsatsa, abin sha'awa a ranar baje koli. Matsalar ita ce naman gwarin da ke haddasa tsatsar yana sauya kama. Sr31 ta daɗe tana tsare alkamar duniya, sai aka ga wani nau'in tsatsa a Yuganda a 1998, wanda ake kira Ug99, ya karya ta. A Kenya 'ya'yansa suka karya Sr24 da Sr36. A 2010 rawayar tsatsa ta ci gonakin irin alkama mai suna Kubsa a Habasha bayan Yr27 ta gaza, kuma Kubsa jinin irin alkamar Attila ce. Wannan ba ya nufin a watsar da irin Atilla da aka saba shukawa a nan, sai dai mai hekta da yawa kada ya dogara da ita kaɗai.

Ta biyu, wadda muka fi so, juriyar babban tsiro ce, wato wadda ke aiki bayan shuka ta girma: Lr34, Lr46, Sr2. Ba sa hana tsatsa fitowa, rage mata gudu suke har zangarniya ta cika. Ɗaya ba ta isa, sai an haɗa uku zuwa biyar. Suna da alama ma: mai Lr34 bakin ganyensa yakan bushe, mai Sr2 kuma ƙaiƙayinsa kan yi duhu. Mutane kan ɗauka cuta ce su tsere, alhali shaidar juriya ce.

Irin mudu na kasuwa kuwa, araha ce kawai. Gauraye ne, ba wanda ya san jininsa, kuma yana iya zuwa da burtuntuna a cikin ƙwayar. Maganin wanke iri yana kashe wannan, amma ba ya tare tsatsa, don ita iska ke kawo ta; in ta bayyana sai feshin maganin propiconazole ko tebuconazole da wuri.

Amma fa a nan zafin Maris ya fi tsatsa cin amfanin gona. Don haka fara da irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, kamar Norman ko Reyna-28, buhu mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, sannan ka tambayi malamin gona yadda irin ya yi da tsatsa a gwaji. Jiƙa ƙwaya 100 a tsumma. In ƙasa da 85 suka tsiro, mayar. Kilo 100 zuwa 120 ya ishi hekta, a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba.