Jirgin ruwa ko bakin teku: Hajiya, ga inda zan kai makin nan da nawa ne

Hajiya, barka da warhaka, ya yara? Tun daren jiya na ga tambayarki cewa yaranku sun girma sun daina ɗokin wuraren wasan Orlando, ga makinku na Disney Vacation Club, ƙungiyar nan ta kamfanin Disney da ake sayen maki ana kama ɗakin hutu da shi, wanda kuka saya a masaukinsu na Saratoga Springs a Orlando kuna ta biya masa kuɗin shekara, kina tunanin ko ku juya shi ku shiga jirgin ruwan shaƙatawa, ko ku nufi masaukansu na bakin teku. Ki nufi bakin teku. In ma so kike in faɗi wanne, masaukinsu na tsibirin Hilton Head, a jihar Karolina ta Kudu.

Mu daga Atlanta muke tashi, tafiyar awa huɗu ce da ɗoriya a mota. Zuwanmu na uku shi ne ba zan manta ba, domin a shekarar surukata ta zo mana daga gida. Tsohuwar nan ba ta cin abincin Turawa ko kaɗan, ko ƙamshin cukunsu ba ta so. Na kama mana mai ɗakin kwana biyu, wanda ke ɗaukar mutum takwas. Kafin mu taso na biya shagon halal na sayi naman rago da kaji, na jera su a kula da ƙanƙara, na ɗauko kuka da daddawa da garin shinkafa da yajin da ta zo mana da shi. Muna shiga ta wuce falo ko kallonsa ba ta yi ba, sai kicin. Ta buɗe durowa ta ga tukwane, ta murɗa murhu ta ga ya kama, ta ce, "To, nan kam gida ne." Daren nan tuwon shinkafa miyar kuka muka ci a baranda, iska na kaɗa bishiyoyin nan masu gansakuka tana reto kamar gemu. Da asuba ta shimfiɗa dardumarta a nan barandar, ta yi ta lazimi har gari ya waye tana kallon ruwa yana janyewa daga fadama, tsuntsaye farare suna sauka suna kiwo a cikin taɓo.

Kicin ɗin nan shi ne rabin ribar abin da kika saya, kuma shi mutane ke mantawa da shi in suna lissafi. Daga mai ɗakin kwana ɗaya zuwa sama, akwai cikakken kicin da babban firiji da injin wanki da na busar da kaya a cikin ɗakin. Ƙaramin ɗakin nan na situdiyo ba shi da murhu, ɗan firiji ne da na'urar ɗumama abinci kawai, don haka kada ki ɗauke shi in da girki a ranki. Ki ƙiyasta abin da mutum shida za su kashe a gidan abinci sau uku a rana har mako guda, sannan ki tuna wahalar neman halal a ƙaramin gari. Mu kifi da jatan lande kawai muka saya a can, sabo fil, sauran duk daga kularmu suka fito.

Akwai abin da ban zata ba a tsibirin. Yankin nan ne na mutanen da ake kira Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka yi noman shinkafa da auduga a gaɓar Karolina da Jojiya. Har yau matansu na saƙa kwanduna da wata ciyawa mai ƙamshi, suna naɗe ta zagaye-zagaye suna ɗinkewa. Surukata ta ɗauki wani mai faɗi ta juya shi ta duba bayansa, ta ce wannan ai faifai ne, har ta kama gwada yadda ake sheƙe hatsi da shi. Matar da ke saƙar ta ce da irinsa kakanninta suke sheƙe shinkafa. Babu mai jin yaren wata a cikinsu sai abin da na fassara, amma sun fi minti ashirin suna tare. A tsibirin ne kuma Mitchelville take, garin da 'yantattun bayi suka kafa a 1862 suna mulkin kansu tun yaƙin basasar Amurka bai ƙare ba. Babban ɗana, wanda da ƙyar ake raba shi da waya, shi ya yi ta tambaya a wurin. In kun gangara kudu kuka wuce Savannah akwai tsibirin Sapelo, inda wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jallo, ya rayu ya bar rubutun Larabci mai shafi 13 da ke ajiye har yanzu a Jami'ar Jojiya. Yaran da aka haifa a nan suna bukatar su san cewa masu salla sun riga mu taka ƙasar nan da daɗewa.

Sai dai ki san abu biyu kafin ki kama. Masaukin ba a kan rairayin teku yake ba, a bakin wani rafi yake mai suna Broad Creek. Suna da wani gida nasu daban a bakin teku mai wurin ninƙaya, motarsu ke kai mutane, ko ku hau keke, tafiyar kusan mil ɗaya da ɗan wani abu. Yashin wajen a daddale yake, har a kansa ake tuƙa keke in ruwa ya janye. Na biyu, yawancin gine-ginen matakala ce, babban ginin ne ke da lifta. In za ki tafi da Mama, ki faɗa musu tun ranar da kike kama ɗaki, kada ki bari sai kun isa.

In kuwa so kike ki buɗe taga ki ga teku, Vero Beach ce taki, a Fulorida, kusan awa biyu daga Orlando. An buɗe ta a 1995, Hilton Head kuma a 1996. Gaɓar wajen kififiyar teku ke hawowa ta yi ƙwai daga wajen Maris zuwa Oktoba, shi ya sa da dare ake rage fitilu a ce a ja labule, domin haske na rikita 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe su bar hanyar ruwa. Sau ɗaya muka je, mun ji daɗi, amma in kin fita daga masaukin babu abin yi da yawa. Aulani, masaukinsu na Hawai, kuwa kowa na yabonta, sai dai kuɗin jirgin mutum shida kaɗai ya isa ya cinye duk abin da makin ya rage miki.

Jirgin ruwa fa? Yana da tsabta, ana kula da yara, kuma babu gidan caca a jiragen Disney, wannan na yaba. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan daɗinsa. Amma da maki kam, a'a. Ki ɗauki farashin tafiyar a dala ki raba shi da yawan makin da suka nema, sannan ki yi haka da farashin ɗakin Hilton Head. Duk lokacin da na yi wannan lissafin, abin da maki ɗaya ke saya a jirgi bai fi kusan rabin abin da yake saya a ɗaki ba. Dalilin a fili yake. Masaukan ƙungiyar, ku masu maki ku ne masu su, kuma jimillar makin da masauki ke ci a shekara a ƙayyade take. Za a iya ragewa a wani wata a ƙara a wani, amma jimillar ba ta hawa. Jirgi kuwa ba naku ba ne, musaya ce, kuma jadawalin makinsa kowace shekara sabo ake fitarwa. Ga kuɗin kama wuri da za ki biya daban. Abin da ya fi ciwo, in kin juya makin sannan wani uzuri ya taso kika fasa, ba ya komawa yadda yake; ba za ki kama ɗakin ƙungiya da shi ba, ba za ki tura shi baɗi ba, shekara na ƙarewa ya mutu. Sannan a jirgi babu tukunyarki, halal sai kin nema tun kafin tafiya, in kuma akwai baƙuwa daga gida mai bizar ziyara sai an bi takardunta an tabbatar za ta iya fita Bahamas ta dawo.

Ki duba ma takardarki tukuna. In hannu na biyu kuka saya bayan Maris na 2011, ƙofar jirgin a rufe take gare ku tun asali, sai wanda ya saya kai tsaye daga kamfanin. Hilton Head da Vero Beach da Aulani kuwa duk suna cikin tsofaffin masaukai 14 da makin Saratoga Springs ke shiga ko ta wace hanya aka saye shi.

In maigida ya kafe sai jirgi, ga yadda masu wayo ke yi: su ba da hayar makin shekarar ta hannun dillali sananne, su karɓi kuɗi, su biya jirgin da tsabar kuɗi. Jefi-jefi an yarda da haka, abin da aka hana shi ne mayar da shi sana'a. Musayar maki da masaukan wasu kamfanoni ta hanyar Interval International, wadda Disney suka koma tun 2022, ita ma tana nan, amma sai mai haƙurin jira da wanda ranakunsa ba a ɗaure suke ba.

Wajen kama ɗaki kada ki yi sanya. Masaukinki na asali, wato Saratoga Springs, tun saura wata 11 kike da damar kamawa, sauran kuwa sai saura wata 7. Hilton Head ƙarama ce, masu ita sun riga ki da wata huɗu, don haka hutun Yuni da Yuli da wuya ki samu babban ɗaki. Ranar da wata bakwan ya cika, ki zauna gaban kwamfuta tun da sassafe. Mu mun fi zuwa a hutun makaranta na Afrilu ko a ƙarshen Nuwamba. Lokacin sanyi makin na sauka sosai, ruwan ne dai ba ya shiguwa. Ki kuma tuna lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a Agusta da Satumba. In makin shekara ɗaya bai isa mai ɗaki biyu ba, ki tura na bana zuwa baɗi, ku tafi sau ɗaya a shekara biyu ku wala. Amma turawar sai a cikin wata takwas na farkon shekarar makinki, in ya wuce shi ke nan. Kuma in za ki fasa tafiya, ki fasa tun saura kwana 31 ko fiye, in ba haka ba makin ya shiga wani asusun da sai saura kwana 60 za ki iya kama wuri da shi. Kada kuma daɗin wurin ya ɗebe ki ki ce za ki ƙara sayen maki a can: kuɗin shekarar Hilton Head da Vero Beach na cikin mafi tsada saboda inshorar guguwa, kuma wa'adin kwantiraginsu 2042 ne, alhali naki sai 2054.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, domin ni an taɓa cin kasuwata. Farkon zuwanmu ƙasar nan wani kamfani, ba wannan ba, ya gayyace mu jawabin minti 90 da alkawarin kwana biyu kyauta. Muka shafe awa huɗu, wannan ya tashi wancan ya zauna, kowa na cewa farashin na yau ne kaɗai. Muka sa hannu a kan mako guda tsayayye a kowace shekara, da bashi mai ruwa a kai, abin da har yau nake istigfari a kansa. Ba mu yi tunanin azumi na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara ba, sai ga makon namu ya faɗa cikin Ramadan shekara uku a jere. Babu wanda ya gaya mana cewa dokar Fulorida ta ba mai saye kwana 10 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. Yana rubuce a takardar, mu ne ba mu karanta ba. Da muka nemi rabuwa da shi, sai waya ta fara shigowa: wai akwai mai saye a hannu, mu tura kuɗin takardu kawai. Mun tura. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Don haka duk wanda ya kira ki ya ce yana da mai sayen makinki ko mai haya amma ki fara biya, ki kashe wayar. Dillalin gaskiya sai ciniki ya faɗa yake cire la'adarsa, kuma kuɗin sayarwa a hannun kamfanin rajistar kadara yake zama har a kammala. Haka masu cewa za su fitar da ke daga kwantiragi in kin ba su dubban daloli, wasunsu har cewa suke ki daina biyan kuɗin shekara, ki wayi gari an ɓata miki suna a wajen masu ba da bashi. Ke ma ba ki bukatarsu, domin irin makinki yana da kasuwa. Lambar sirrinki ta shiga asusun kuwa, ko dillali ne kada ki ba shi. Ke za ki kama wa mai haya ɗaki da hannunki.

Ki duba kalandar makarantar yara yau, ki ƙirga wata bakwai baya daga hutun Afrilu, ki sa ƙararrawa a waya. Mai ɗaki biyu za ki nema, kwana biyar daga Lahadi zuwa Juma'a, domin daren Juma'a da na Asabar sun fi cin maki. Ki tafi da muciyarki, ludayin katakon da ke kicin ɗinsu ba ya tuƙa tuwo. Ki gaida Alhaji da Mama.