Na gwada Meguiar's M49 a tsohon jirgin ruwana na faiba

Jirgin nan ya haura shekara 20 kuma duk a rana ya yi su, ba rumfa ba tamfol. Da shuɗi ne mai duhu, amma ya koɗe har ya koma kalar toka, in ka shafa hannu a gefensa tafinka ya fito fari fat kamar ka dafa alli. Ni da na ɗauka datti ne, ashe jelkot ɗin ne da kansa, wato fatar nan mai launi da ke saman faiba, rana ce ta cinye samanta ta zama gari.

Da farko wani waks na saya irin wanda ake cewa shafa ɗaya an gama, ya yi kyau sati biyu sannan ya koma gidan jiya, abin ya min ciwo wallahi. Waks baya gyara fatar da ta mutu, rufe ta kawai yake yi, dole sai an kankare ta tukuna.

To shi M49, wani man goge jirgin ruwa na kamfanin Meguiar's, aikinsa kenan, kankara. Na wanke jirgin tas ya bushe, na sa tef a kan robobi da ƙarafa, na ɗauko injin goge mai juyawa da soson ulu na sa shi wajen juyi 1500 a minti, ina bin wuri kaɗan kaɗan kamar santimita 60 kowane gefe. Wurin farko da na share da tsumma sai da na tsaya ina kallo, shuɗin nan da na manta da shi ya dawo har ina hango inuwar fuskata a ciki, gefensa kuma toka tana nan. Soson yana saurin cikewa da shuɗin gari, in baka kakkaɓe shi akai-akai ba sai ya riƙa jan datti kawai, kuma kar ka yi a tsakiyar rana don nan da nan yake bushewa a jiki.

Saman gaba inda rana ta fi duka kam M49 shi kaɗai bai iya ba gaskiya, sai da na bi da samfefa da ruwa, mai lambar laushi 1000 sannan 1500 sannan 2000, kafin na maimaita.

A kula da kusurwa don Allah. Kaurin jelkot bai wuce kamar rabin milimita ba, ni na danne injin a bakin wani lanƙwasa na daɗe a wurin sai ga duhun faiba ya fara leƙowa, laifina ne kuma wannan baya goguwa sai faci.

Bayan M49 ɗin na bi da folish mai laushi don ya kan bar ƴan zane-zane, na rufe da waks ɗin Collinite 885. Kwana uku ya ɗauke ni, kafaɗuna sun ji jiki. Yau wata huɗu kenan ruwa yana taruwa ɗigo-ɗigo a jikinsa yana gangarewa. Zan sake saya, amma da hannu kaɗai ban ba kowa shawara ba in jirgin ya kai nawa koɗewa, kuma yanzu tamfol nake rufa masa.