Cibiyar John F. Kennedy ta Berlin: sharhi kan digirin nazarin Arewacin Amurka

A unguwar Dahlem da ke kudu maso yammacin Berlin, Jami'ar Freie tana da cibiya da aka keɓe kacokan domin nazarin Amurka da Kanada. Masanin siyasa Ernst Fraenkel, wanda ya yi gudun hijira zuwa Amurka a zamanin mulkin Nazi kafin ya koma gida, shi ne ya kafa ta a shekarar 1963, aka kuma sa mata sunan Shugaba Kennedy bayan kisan gillar da aka yi masa a watan Nuwamba na shekarar, wata biyar kacal da yin jawabinsa a harabar jami'ar.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarinta shi ne yadda ta tara fannoni shida a gini ɗaya: tarihi, adabi, al'adu, siyasa, zamantakewa da tattalin arziki. A jami'o'i da dama, nazarin Amurka ɗan reshe ne kawai a sashen Turanci, inda ɗalibi zai sha karatun adabi ya fito bai san yadda Majalisar Dattawa ke tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli ba, balle yadda babban bankin ƙasar ke tsayar da kuɗin ruwa. A nan kuwa mai digiri na biyu yana zaɓar fanni biyu ya zurfafa a cikinsu tsawon zango huɗu, da Turanci ake koyarwa, kuma batu guda, kamar bauta da gwagwarmayar baƙaƙen fata ta neman 'yanci, yana iya jin sa daga bakin masanin tarihi sannan ya sake jin sa daga bakin masanin zamantakewa. Wannan haɗi shi ne ƙarfin cibiyar, domin ƙasa irin Amurka ba ta fahimtuwa ta ƙofa ɗaya.

Ɗakin karatunta ma abin yabo ne ƙwarai, yana cikin mafi girma a Turai a wannan fanni, har manazarta daga wasu ƙasashe kan yi takakkiya dominsa.

Ba a biyan kuɗin makaranta, sai kuɗin zango na 'yan ɗaruruwan Yuro. Nauyin yana wajen rayuwa: samun ɗakin haya a Berlin abu ne mai wuya, kuma ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi shekara guda, kimanin Yuro 11,900 bisa ƙa'idar da ta fara aiki a 2024, kafin a ba shi biza.

Inda nake da ja shi ne batun aiki. Wannan digiri ba ya damƙa wa mutum sana'a a hannu kamar likitanci ko lauya, kuma faɗin nan da na yaba yana iya zama illa ga wanda ya shiga ba tare da manufa ba. Wanda ya haɗa siyasa da tattalin arziki yana da hanya zuwa aikin jarida, diflomasiyya ko cibiyoyin bincike, irin su Asusun Marshall na Jamus da Cibiyar Aspen, waɗanda duk suna da ofis a Berlin. Wanda ya zaɓi adabi da al'adu kuwa, galibi hanyarsa koyarwa ce, ko kamfanonin ɗab'i, ko gidajen tarihi, ko digirin digirgir a makarantar bincike ta cibiyar, kuma guraben nan kaɗan ne matuƙa. Dokar Jamus tana ba wanda ya kammala karatu wata 18 ya nemi aiki, amma yawancin ma'aikatun ƙasar suna son mai jin Jamusanci sosai, don haka duk wanda Turancin ajin ya sa ya yi sakaci da harshen gari zai ga wa'adin ya yi masa kaɗan. Ina ba da shawarar cibiyar ga wanda ya riga ya san fanni biyun da zai ɗauka da dalilinsa, wanda kuma zai fara darasin Jamusanci da neman gurbin koyon aiki tun a zangon farko.